Masu talla ta intanet da tarurrukan sana'a: a yi lissafi kafin a ɗaura kaya

Talla tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai yarinyar da ke zaga unguwa da faranti a ka tana kiran abin da uwarta ta soya, akwai ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye da jakarsa, akwai sankira mai kai shela lungu-lungu, akwai kuma dillali mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Zamani bai kashe wannan sana'a ba, hanya ce ya sake mata. A yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, har ma da Ƙonni da Tasawa da Dogon Dutsi, ana samun samari da ƴan mata waɗanda abincinsu ke nan: su ɗauki hoton hajar ɗan kasuwa, su tsara mata magana, su watsa ta a Facebook ko WhatsApp ko TikTok, su amsa tambayoyin masu son saye, a biya su a ƙarshen wata ko kuwa a ba su kaso cikin ciniki. Waɗannan su ne masu talla ta intanet. Sana'arsu ta halal ce, ta kuma cancanci girmamawa, tun da tana raba matasa da zaman kashe wando, tana kai kayan ƙasa inda ƙafa ba ta kai su ba.

To, da sana'ar ta fara tsayuwa da ƙafafunta sai wata al'ada ta biyo ta, watau zuwa taro. Kowa ya sha ganin hoton saurayi sanye da kwat, katin shiga rataye a wuyansa, yana tsaye gaban wani babban allo a birnin da ba a sani ba, abokai suna ta yi masa barka. Har ta kai wanda bai taɓa rataya irin wannan kati ba ana ganin kamar bai cika gwani ba. Akwai masu cin bashi saboda tafiyar, akwai masu sayar da babur, akwai masu taɓa kuɗin da ƴan kasuwa suka ba su don talla. Saboda haka ya kamata a tsaya a dubi lamarin da idon basira. Zuwa taro fatauci ne, kuma duk fatauci lissafi gare shi: me aka tafi da shi, nawa aka kashe, me aka dawo da shi. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi uku ya tafi da alheri. Wanda bai iya ba, zamansa a gida ya fi masa.

Waɗanne irin taruka ne?

Manyan tarurrukan wannan fanni sanannu ne. A birnin Kolon na ƙasar Jamus ana yin DMEXCO kowane watan Satumba tun shekarar 2009, kuma na masu talla ta intanet ne tsantsa. Web Summit ya fara a Dabulin ta ƙasar Ailan a 2009, ya koma Lisbon ta ƙasar Fotugal a 2016, inda a shekarun 2022 zuwa 2024 ya riƙa tara mutum fiye da dubu 70 a kowane zama. A birnin Paris akwai VivaTech, wanda aka fara a 2016. A nahiyar Afirka kuwa akwai AfricaCom da ake yi a birnin Kef na Afirka ta Kudu a watan Nuwamba, an kuma riƙa yin makon kafafen sada zumunta da aka fara a Legas a 2013, akwai kuma GITEX Africa, wanda aka buɗe karo na farko a Marakesh ta ƙasar Maroko a 2023. Tsarinsu kusan ɗaya ne: babban dandali inda manya ke jawabi, ƙananan ɗakuna inda a ke koyarwa, da rumfuna inda kamfanoni ke baje kolinsu, kwana biyu zuwa huɗu a watse.

Ba wanda zai musa cewa akwai amfani a cikinsu. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wannan sana'a tana da wani hali da ya sa neman sani ya zama dole a cikinta: mai talla ta intanet a rumfar aro ya ke zaune. Kasuwar ba tasa ba ce, ta kamfanonin Amurka da na Sin ce, su ne ke sake dokokinta duk ranar da suka ga dama, ba tare da shawartar kowa ba. A watan Janairu na 2018 aka fito da WhatsApp na ƴan kasuwa, wanda daga baya aka ƙara masa wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Waɗanda suka fara gane amfaninsa sun riga ƴan'uwansu cin kasuwa. A watan Afrilu na 2021 kamfanin Apple ya tilasta wa kowace manhaja ta nemi izinin mai wayar iPhone kafin ta bi sawunsa, har kamfanin Meta, mai Facebook, ya faɗa a farkon 2022 cewa abin zai rage masa kimanin dalar Amurka miliyar 10 a shekarar. A ƙarshen Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito, rubutun talla da a ke biyan mutum ya yi a wuni guda ya zama abin da na'ura ke yi cikin ƙiftawar ido. Wanda bai bi labari ba sai ya wayi gari ya tarar kiɗa ya sake, shi kuwa yana nan da tsohuwar rawa.

Amfani na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne haɗuwa da mutane. Jawaban dandali yawanci ana saka su a YouTube bayan ƴan kwanaki, kowa ya kalla daga ɗakinsa. Abin da ba a sakawa shi ne hirar da a ke yi a bakin ƙofa, ko wajen shan shayi, inda mutum zai gamu da wanda ya taɓa faɗawa ramin da shi ke shirin faɗawa, ko mai neman wakili a ƙasarsa, ko mai haja da ke neman wanda zai tallata masa. Annobar korona ta gwada haka. A watan Fabrairu na 2020 aka soke babban taron wayoyin salula na Basalona, Web Summit na wannan shekara ta intanet aka yi shi, har wasu suka ce zamanin taruwa a ɗaki ɗaya ya wuce. Amma da ƙofofi suka buɗe sai jama'a suka koma, domin amana ba ta ƙulluwa sosai sai ido ya ga ido. Bahaushe ya riga ya faɗa, zumunta a ƙafa ta ke.

Nawa ne kuɗin tafiyar?

Sai dai fa kowane amfani da farashinsa, kuma nan ne masu ɗoki ba su son a tsaya. Katin shiga manyan tarurrukan Turai ɗaruruwan Yuro ne, kuma kowane Yuro ɗaya ya kusa tamma 656 na sefa. Kuɗin neman bizar Shengen ya koma Yuro 90 tun watan Yuni na 2024, watau kimanin jika 59, kuma in an hana mutum bizar ba a mayar masa da ko dala. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, abin da ya ƙara wa masu neman shiga Turai wahala. A haɗa da kuɗin jirgi, da na otal a birnin da farashi ke tashi a makon taro, da na abinci, da na mota, za a tarar tafiya ɗaya ta haura miliyon 1 ba tare da an yi almubazzaranci ba. Mai karatu ya auna wannan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka kai jika 42 a wata a farkon 2024: miliyon 1 ya kusa albashin shekara 2 na ƙaramin ma'aikaci. Da wannan kuɗi saurayi zai iya sayen kwamfuta mai kyau da wayar ɗaukar hoto, ya biya intanet na watanni, ya kuma rage abin da zai gwada talla da shi.

Ba a ce kada a kashe ba. An ce wanda zai kashe ya san ta inda kuɗin za su dawo. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja neman goro sun fi ƴan zamani shan wahalar hanya, wata da watanni suna tafe da jakuna, amma ba a taɓa jin wanda ya tafi Salaga don kawai a ce ya je ba. Sun tashi da kanwa da tufafi da kayan fata, sun san maigidan da za su sauka wurinsa, sun san dillalin da zai tsaya masu, madugu ya san zango-zango, kuma da an dawo gida a kan zauna a ƙidaya uwa da riba. Wannan tsari shi ne ya kamata jikokinsu su riƙe, ko da jirgin sama ne ya maye gurbin jaki.

Ba duk abin da aka faɗa a dandali ba ne gaskiyar kasuwa

Akwai abin da baƙon taro ya kamata ya sani tun kafin ya zauna: masu shirya taro ƴan kasuwa ne, kuma da yawa daga cikin masu hawa dandali kamfanoninsu ne suka zuba kuɗi aka ba su wurin. Mai jawabin da ke rantsuwa cewa duk wanda bai yi kaza ba sana'arsa ta mutu, sau da yawa shi ne mai sayar da kazan a rumfar da ke bayan ɗaki. Abin kunya ne mai talla ya kasa gane talla in an yi masa ita.

Misali ɗaya ya isa. Akwai wasu ƴan alamomi da a ke kira kukis, waɗanda kamfanonin talla ke liƙa wa mai yawo a intanet don su bi sawunsa daga shafi zuwa shafi. A watan Janairu na 2020 kamfanin Google ya ba da sanarwa cewa cikin shekara 2 zai hana irin waɗannan alamomi na ƴan waje aiki a manhajarsa ta Chrome. Daga nan tarurrukan talla suka cika da jawabai a kan yadda za a rayu bayan mutuwar kukis, aka sayar da darussa, aka sayar da na'urori, aka tsorata ƙanana. Aka ɗaga wa'adin sau uku, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Google ya ce ya fasa. Shekara huɗu da rabi ana shirin jana'iza, mamacin bai mutu ba. Haka kuma aka yi a 2021 lokacin da Facebook ya sake suna ya koma Meta, aka yi ta cewa gobe kowa zai sa tabarau ya shiga wata duniya ta na'ura ya yi cefane a can. Har yau mai cefane ƙafarsa ke kai shi kasuwa, ko kuwa ya aika saƙo ta waya.

Bayan wannan akwai matsalar da ta fi shafar ɗan Nijar. Darussan da a ke koyarwa a Kolon da Lisbon an gina su ne a kan irin mai sayen can: mutum mai katin banki, mai adireshi da lambar gida da ɗan aike zai samu, mai karanta Ingilishi ko Faransanci, mai intanet da ba ta yankewa. Mai sayen Maraɗi ko na Tawa daban ya ke. Wayarsa yawanci Tecno ce ko Itel ko Infinix, yana sayen intanet ɗin wuni ɗaya yana tattalinta, saƙon murya ya fi so a kan rubutu, kuma da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek zai yi shi. Ba ya yarda da farashin da aka rubuta sai ya taya. Kuɗi ta gidajen aike irin su Nita da Al Izza da Amana zai tura, ko ta wayar salula, kaya kuma a tashar mota za a ba direban bas ko a ɗora wa ɗan kabu-kabu. Abin da ke sa shi ya saki kuɗinsa kuwa shi ne ya ji wani da ya sani ya saya bai yi da-na-sani ba. Mai kilishi a Madawa da ke son kayansa su kai Yamai ba ya bukatar labarin kukis. Yana bukatar hoto mai tsabta, da murya mai daɗi, da wanda zai amsa waya kan lokaci, da leda da ba ta yoyon mai. Wanda ya dawo daga Turai ya ɗora wa irin wannan mutum tsarin can ɗungurungum, kuɗin mutumin zai ƙone, sunan sana'ar kuma ya ɓaci.

Kada kuma a manta da tarurrukan bogi, waɗanda ba sai an hau jirgi ba a ke gamuwa da su. A kan kama ɗaki a otal, a kira abin taron kasuwanci ta intanet, a nuna hotunan motoci da gidaje, a ce duk wanda ya zuba kaza ya kuma kawo mutum uku zai yi arziki cikin wata shida. Wannan ba talla ba ce, damfara ce da aka sa wa riga. Alamarta a fili ta ke: ba a ganin hajar da a ke sayarwa, ko kuwa hajar ba ta kai kuɗinta ba, riba duka daga jawo sababbin mutane ta ke fitowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusa da wannan akwai cutar tara takardun shaida, inda mutum ke bin taro don takardar da za a miƙa masa a ƙarshe ko don ɗan kuɗin zama, ya sa hannu da safe ya ɓace sai la'asar. Ɗan kasuwar Kasuwar Dole ba zai tambayi mai talla takardu nawa gare shi ba, zai tambaye shi turmi nawa aka sayar.

Yadda ya kamata a tafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙudura zuwa taro ya kamata tun wata guda kafin ya tashi ya rubuta tambayoyi biyu ko uku da suka tsaya masa a wuya cikin aikinsa, misali yadda zai biya kuɗin talla a Facebook ba tare da wahalar katin banki ba, ko yadda zai auna ko tallar da ya yi ita ce ta kawo ciniki. Ya duba jerin masu halarta, ya zaɓi mutum goma da ya ke son gani, ya rubuta masu ya nemi ganawa. Ya tafi da kayansa, watau shaidar aikin da ya yi: ga shagon, ga abin da a ke sayarwa kafin ya zo, ga abin da aka sayar bayan ya zo, da izinin mai shagon. Ya san cewa shi ma yana da abin da na can ba su da shi, domin kamfanin da ke son shiga kasuwar Sahel yana neman wanda ya san harshenta da hanyoyinta ruwa a jallo.

In ya isa, kada ya ƙare kwanakinsa a babban ɗaki yana ɗaukar hoton allo. Ƙananan ɗakuna da rumfuna da wurin cin abinci sun fi albarka. Ya fi neman ƴan Dakar da Abijan da Bamako da Wagadugu da Kano da Nairobi, waɗanda kasuwarsu ta yi kama da tasa, domin dabarar da ta ci a inda a ke biya ta waya a kuma kai kaya a babur ta fi kusa da ci a Damagaram. Kowane dare ya rubuta wanda ya gani da abin da suka yi alkawari. In ya dawo, cikin mako guda ya tuntuɓi kowa, ya cika abin da ya ɗauka, kyan alkawari cikawa. Ya kuma kiyaye lambobin da aka ba shi, kada ya zuba mutane cikin rukunin WhatsApp ba da yardarsu ba, domin tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP da ke tsaron wannan haƙƙi. Sa'an nan ya zaɓi dabara ɗaya ko biyu ya gwada da kuɗi kaɗan, bayan wata uku ya zauna ya yi lissafi tsakaninsa da Allah: tafiyar ta biya kanta ko ba ta biya ba. In ba ta biya ba, baɗi ya san abin yi.

Akwai nauyi kuma a kan masu aikawa, kamfani ne ko ma'aikata ko ƙungiya. Sau da yawa gayyata in ta zo, shugaba ne ke tafiya, alhali yaron da ke riƙe da shafin dare da rana yana zaune a biro. Kamata ya yi a aika mai yin aikin. A kuma tuna da mata, tun da babban kaso na cinikin da a ke yi ta WhatsApp, na turare da atamfa da kayan ɗaki da abinci, a hannunsu ya ke, amma su ne ba a cika gani a kujerun taro ba. Duk wanda aka aika da kuɗin jama'a kuwa, wajibi ne in ya dawo ya tara ƴan'uwansa ya yi masu bayani da harshen da su ke ji. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

A kafa taro a gida

Maganin da ya fi duka shi ne ƴan sana'ar su kafa nasu taro a ƙasarsu. Wuri bai gagara ba. Yamai ta karɓi taron shugabannin Tarayyar Afirka a watan Yuli na 2019, inda aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, kuma a watan Janairu na 2020 aka buɗe babban gidan taro na Mahatma Gandi. Akwai cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni, wadda ta fara aiki a 2014, akwai majalisar ƴan kasuwa da rassanta a jihohi. Amma kada komai ya tsaya a babban birni. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600. Yarinyar da ke tallata turare a waɗannan garuruwa ba za ta bar gida kwana huɗu ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, da ta Andre Salifu a Damagaram, da ta Jibo Hamani a Tawa, duk suna da ɗakunan da za su ɗauki irin wannan zama, a riƙa zagayawa jaha-jaha. Katsina da Kano ma maƙwabta ne na kusa, masu harshe ɗaya da ɗabi'ar ciniki ɗaya, gayyatar gwanayensu ba za ta ci kuɗin jirgi ba.

Irin wannan taro sharuɗɗa uku gare shi. Na farko, a yi shi da harsunan ƙasa. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. To, sana'ar da dukan jarinta magana ce ita ya kamata ta fara amfana da wannan, a zauna a daidaita kalmomin aiki yadda mai shago zai gane abin da ya ke biya. Na biyu, a gayyato masu haja su zauna a sahun gaba, su faɗi abin da ke damunsu. A 2023 ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta ba kilishin Nijar da albasar Galmi shaidar asali. Ga cukun Tawa, ga fatar jar akuyar Maraɗi, ga tukwanen Miriya, ga ayyukan matan da ke baje koli a SAFEM. Waɗannan kaya suna da suna, masu kai labarinsu nesa su ke jira. Na uku, duk mai hawa dandali ya zo da lissafi na gaskiya, har da inda ya faɗi, domin labarin asarar da aka yi a Ƙonni ya fi koyar da ɗan Tasawa a kan labarin ribar da aka ci a Kalifoniya.

Wataƙila wani ya ce wannan magana za ta mai da matasa kifin rijiya, a daidai lokacin da duniya ke gudu. Amsa ita ce ba a hana kowa fita ba, kuma ƙasar da ba ta da mashigar teku ta fi kowace bukatar ƴaƴanta su san hanyoyin duniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in masu sana'ar sun haɗa kai cikin ƙungiya, za su iya tara kuɗi su aika mutum biyu da suka cancanta zuwa Marakesh ko Legas kowace shekara, ɗauke da tambayoyin kowa, su dawo su raba abin da suka samo a taron gida. Ta haka kuɗin mutum biyu zai amfani mutum ɗari, kuma wanda ya tafi zai tafi a matsayin wakilin kasuwa mai sunanta, ya zauna a yi ciniki da shi.

Saboda haka ana kira ga matasa masu wannan sana'a su riƙe lissafi, ga iyaye da iyayen gida su tambayi dalilin tafiya kafin su buɗe aljihu, ga hukumomi da majalisar ƴan kasuwa su tallafa wa tarurrukan jihohi. Allah ya sa albarka a cikin neman kowa, ya ba ƙasa lafiya da wadata, amin.